Kuɗin da Ba Ya Fita Kanti: Abubuwan Mamaki Daga Gobir Zuwa Koriya

A kasuwannin gabashin Sakkwato bashi iri biyu ne, amma ɗaya kaɗai ya yi suna. Wanda kowa ya sani shi ne na mai saye, ya ɗauki kwanon gero ko ƙullin sukari ya ce sai ran kasuwa. Ɗayan kuwa mai kanti ake bi. Ka miƙa dubu ɗaya, ka ɗauki kayan ɗari takwas da hamsin, ya jawo aljihun tebur ya mayar, ya ce, "Wallahi Baba babu canji, bar shi nan, gobe ka amshi sabulu." Daga wannan lokaci kana da naira 150 waɗanda ba sa sayen komai a duk faɗin Isa da Sabon Birni sai a wannan rumfa. Kuɗinka ne, amma a turken wani suke ɗaure. A manyan kantunan Amurka da Turai da Koriya ta Kudu abin har takarda da lamba gare shi: ka mayar da riga, maimakon kuɗi a ba ka shaidar cewa kana bin kantin kaza, sai dai ka fanshe a kaya.

Imamu Malik ya riga mu leƙa wannan rumfa da fiye da shekara 1,200. A cikin Muwaɗɗa, wanda har gobe ake karantawa a zaurukan malamai daga Isa zuwa Tsibiri, ya kawo mas'alar mutumin da ya ajiye dirhami ɗaya wurin ɗan kasuwa, yana zuwa yana ɗibar kayan rubu'insa ko sulusinsa har ya ƙare. Bai ga laifin hakan ba, muddin an san kayan kuma an yanke farashi. Inda ya hana shi ne a ce kullum za a ɗiba bisa farashin ranar, don yau ya hau gobe ya sauka, ba a san a kan me aka rabu ba. Duk wanda ya ga hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Nijeriya a Disambar 2024 ba ya bukatar sharhin malam. Canjin da ka bari da bazara yana kuɗin sabulu, kafin kaka ya koma kuɗin ashana. Asarar kuma a kanka take, don mai kanti ya daɗe da juya kuɗin ya saro kaya a tsohon farashi.

Mutanen Madina na farko suna da nasu tsarin da mahauta. A yanke farashin nama, kullum a karɓi awo kaza, biya kuwa sai ranar da aka raba musu kasonsu daga baitulmali. Malaman Malikiyya sun amince da wannan ciniki. Malamin firamaren da ke karɓar shinkafa da man gyaɗa "sai albashi ya shigo" tsohuwar hanya yake bi.

Wanda ya fi ɗaure mini kai shi ne wannan. Malik da kansa ya ruwaito hadisin da ke ba mai saye da mai sayarwa damar fasawa matuƙar ba su rabu ba, amma bai gina hukunci a kansa ba, saboda bai tarar da mutanen Madina suna aiki da shi ba. Don haka a mazhabarmu, da zarar mai kaya ya ce "na sallama" kai kuma ka amsa, ciniki ya faɗa, ko da babu wanda ya motsa daga kan tabarma. Ƙofa uku suka rage: sharaɗin da aka gindaya tun farko, aibin da aka ɓoye, sai kuma mutunci, wato mai kaya ya yarda a warware don kansa. A ƙofa ta uku kuɗin da ba ya fita kanti yake zaune. Babu abin da ya tilasta wa mai atamfa karɓar turmin da amarya ta ce launinsa bai yi mata ba. Zai karɓa, amma da sharaɗinsa: "Hajiya, kuɗɗi sun riga sun shiga kaya, zaɓi wani." A ganina wannan sulhu ne mai kyau, in dai kayan lafiyarsu ƙalau. In kuwa da aibi, to ba alfarma yake yi miki ba, kuɗinki ne ya riƙe.

Dokar Nijeriya ma nan ta tsaya. Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a farkon 2019, ta ba mutum damar mayar da kaya masu lahani, kuma hukumar da ke kula da ita ta sha nanata cewa rubutun nan na ƙasan rasit, wai ba a mayar da kuɗi bayan an biya, ba ya soke wannan haƙƙi. Sai dai daga Abuja zuwa rumfar mai batir da tocila a Gatawa akwai tafiya.

'Yan kara kuma su saurara. Saniyar da aka ƙi tatsa kwana da kwanaki don hantsarta ta cika ta ruɗi mai saye tana da babinta daban a fiƙihu. In ka gano bayan ka tatsa, kana iya mayar da ita, amma ka haɗa da sa'i ɗaya na abincin da garin ya fi ci, a madadin nonon da ka sha. Ga mayar da kaya da ladan amfani tun zamanin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi.

Kakanninmu ba su san rashin canji ba, don wuri ba ya bukatar canji. Matsalarsu ta manyan kuɗi ce. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya tarar a Kano a 1851 ana canza liyari ɗaya na azurfa a kan wuri 2,500. Keso guda yana cin wuri 20,000, kayan ƙato ɗaya ke nan, amma darajarsa liyari takwas kacal. Wa zai sayi doki ya biya lakadan a haka? Dole manyan cinikayya su tafi bisa bashi da musayar kaya. Shi kansa Barth da bashin wuri fiye da dubu ɗari a wuyansa ya shiga Kano, kayan da ya dogara da su kuma suka ƙi yin daraja. Bayan shekara biyu, a 1853, ya biyo ta Zurmi da Badarawa da Sansanin Isa, ya ratsa dajin Gundumi dare da rana ba hutawa don tsoron mayaƙan Gobir.

Turawa sun hana shigo da wuri a 1904, suka kawo anini mai huda a tsakiya. Na farko da aka buga a 1907 na sanholo ne, yana cikin kuɗin sanholo na farko da aka taɓa kashewa a duniya, amma bai jure yanayinmu ba, aka sauya ƙarfen a 1908. Shekara ɗari cif bayan wancan na farko, a 2007, Babban Bankin Nijeriya ya fito da sababbin tsabar kwabo 50 da naira 1 da naira 2. Har yau halal ne a doka. Ka gwada miƙa wa mai ƙosai.

Mu ba mu muka fara karɓar alawa a madadin canji ba. A Italiya, tsakanin 1975 da 1978, tsaba ta yi ƙarancin da masu kanti suka koma ba da minti da kan sarki da kwabban buga tarho, bankuna kuma suka riƙa buga 'yan ƙananan cak na lira 50 da 100 suna yawo hannu da hannu har su yage. A Zimbabuwe, bayan an rungumi dalar Amurka a 2009, takarda ta samu amma tsaba babu, sai manyan kantuna suka riƙa ba da alawa ko biro ko 'yar takardar shaidar cewa kana bin su, har gwamnati ta buga tsabarta a Disambar 2014.

Koriya ta Kudu kuwa da gangan ta yi. A Afrilun 2017 babban bankin ƙasar ya fara gwajin rage tsaba: ka biya da takarda a kanti, maimakon a zuba maka canji a hannu sai a loda shi a katinka. Dalilinsu, buga tsabar yana cin kuɗi mai yawa, mutane kuma suna jibge ta a gida. Abin da mai tireda yake yi don dole, su da na'ura suka yi shi don tsimi.

Koriyawa sun kuma yi wa takardun sayayya na kyauta ƙa'ida mai daɗi. In ka cinye kashi 60 cikin ɗari na darajar takardar, kana da ikon cewa a ba ka ragowar lakadan. In ƙarama ce, wadda ba ta wuce won 10,000 ba, sai ka cinye kashi 80. Da za a kawo wannan ƙa'ida kasuwar Shinkafi ranar Alhamis, da an sha kallo.

To amma ƙa'ida ba ta hana su kuka ba. Wani kamfani mai manhajar Mergepoint ya riƙa sayar da makin sayayya da rangwamen kashi 20 cikin ɗari, ka biya takwas a rubuta maka goma, ka kashe a dubban kantuna da gidajen abinci. A Agustan 2021 ya wayi gari ya rufe kusan dukkan wuraren da ake karɓar makin. Ɗaruruwan mutane suka yi dafifi a ofishinsa a birnin Seoul, wasu suka kwana a layi suna neman kuɗinsu, daga baya kotu ta ɗaure shugabanninsa. A Yulin 2024 aka sake kwatawa, lokacin da kasuwannin intanet na TMON da WeMakePrice suka kasa biyan 'yan kasuwa, takardun sayayya na Happy Money da mutane suka tara suka zama ba mai karɓa.

Kamfanin gahawa na Starbucks yana riƙe da fiye da dala biliyan ɗaya da rabi na kuɗin da mutane suka loda a katunansa ba su riga sun sha ba. Ba ya biyan kowa ko kwabo a kan wannan ajiya. Abin da aka manta ba a zo an sha ba kuma, wajen dala miliyan 200 a shekara, yakan shiga lissafin kuɗin shigarsa. Mai shayin bakin tasha da ya manta da canjinka sau biyu, a gafarce shi.

Maganar mai shayi ta kawo mu kan rubutu. Littafin bashi a ƙauyukanmu ba ya bin sunan yanka. Za ka ga "ɗan kabu-kabu mai jar hula", "gidan liman", "yaron Inna mai fura". Wanda bai yi boko ba ya rubuta da ajami, wanda bai iya ko ɗaya ba ya ja layi da alli ko gawayi a bango, kowane layi kofi ɗaya. Kada a raina wannan. Gwamnatin Ingila ta yi ɗaruruwan shekaru tana lissafin bashi da sanda: a yi mata tsaga-tsaga gwargwadon kuɗin, a raba ta biyu a tsaye, mai bi ya riƙe rabi, wanda ake bi ya riƙe rabi, ranar biya a haɗa a gani ko sun dace. Sai a 1826 aka daina. Ranar 16 ga Oktoba 1834 aka ce a ƙone tarin tsofaffin sandunan a murhun da ke ƙarƙashin majalisa. Ma'aikata suka cika wuta, kafin gari ya waye yawancin ginin Majalisar Dokokin Ingila ya zama toka.

A Ailan kuwa, a 1970, ma'aikatan manyan bankuna suka shiga takun-saƙa da iyayen gidansu, bankunan suka kasance a rufe daga Mayu har tsakiyar Nuwamba. Ƙasar ba ta tsaya ba. Masu kanti da masu mashaya suka zama bankuna, suna karɓar cak suna ba da kaya ko kuɗi, don sun san wa ke biya wa ke zillewa a unguwarsu.

Wannan sanin fuska shi ne jarin Bahaushe tun fil'azal. Masanin nan Abner Cohen, wanda ya zauna a Sabon Ibadan a farkon shekarun 1960, ya tarar kusan duk shanun da ake kaiwa daga Arewa bashi ake sayar wa mahautan Yarbawa, kuma kuɗin da ke waje a kowane lokaci yakan kai wajen fam 100,000. Babu takarda, babu kotu. Maigidan da ya sauki falke shi ke tsaya masa. In mahauci ya gudu, maigida ya biya daga aljihunsa, in ya ƙi biya kuma babu falken da zai ƙara sauka gidansa.

Kamfanonin Turawa ma da bashi suka shiga ƙauye. Da jirgin ƙasa ya iso Ƙauran Namoda a 1929, gyaɗa da audugar wannan yanki suka sami hanyar teku, kantunan irin su UAC da John Holt suka riƙa ba dillalansu kuɗi da kaya tun kafin kaka don su tara musu amfanin gona. A Maraɗi, CFAO da SCOA na Faransawa haka suka yi, kuma da yawa daga manyan alhazan birnin daga nan suka ɗago. Sai dai akwai mummunar fuskar abin. A mahaƙan kwal na Amurka an daɗe ana biyan lebura da kwabban kamfani waɗanda ba sa sayen komai sai a kantin kamfanin, a farashin da kamfanin ya ga dama. Ingila tun a 1831 ta yi dokar cewa a biya ma'aikaci da kuɗin ƙasa.

Manomi ya san irin wannan tarko ba sai an ba shi labarin Amurka ba. Falle, wanda Polly Hill ta bayyana a littafinta na 1972 kan Batagarawa, shi ne ka ci rance da damina lokacin da rumbu ya ƙare, ka biya da damman hatsi da kaka lokacin da hatsi ba shi da daraja. Tsallaken iyaka aka samo wa wannan magani mai ban sha'awa. Daga 1999, da tallafin hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ƙungiyoyin manoma a Nijar suka fara zuba hatsinsu a sito da kaka, a sa wa ƙofar kwaɗo biyu, makulli ɗaya a hannun manoma, ɗaya a hannun mai ba da rance. A ba su kuɗi su yi sana'ar rani, in sun biya a buɗe, lokacin kuwa hatsi ya yi tsada. Ba wanda ya isa ya shiga shi kaɗai.

A bakin iyaka akwai wata tambayar da mutumin Kano ba ya yi: da wane kuɗi aka rubuta bashin? A 2014 jakar sefa ba ta kai naira 400 ba, a 2024 ta haura naira 2,000. Sefa a jingine take da yuro, naira kuwa aka sake ta a Yunin 2023 ta gangara. Wanda ya ba mutumin Madawa ko Tsibiri kaya a lissafin naira ya jira wata shida, ya yi sadaka bai sani ba. Ga kuma ƙidayar da ke rikita baƙo, don a Nijar da dala ake lissafi, kowace dala faran biyar. In mai rumfa ya ce kana bin sa dala ashirin, faran 100 yake nufi.

Sau biyu cikin 'yan shekarun nan littafin mai kanti ya zama shi ne bankin yankin. A Satumbar 2021 gwamnatin Aminu Waziri Tambuwal ta sa aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na jihar Sakkwato, har da Isa da Sabon Birni, don toshe wa 'yan bindiga hanyar sadarwa. Na'urorin POS suka mutu, tura kuɗi ta waya ya tsaya, na kusa da iyaka suka koma laluben layukan Nijar. Na biyu shi ne farkon 2023, bayan gwamnan Babban Bankin Nijeriya na lokacin, Godwin Emefiele, ya sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000. Mutum yana da kuɗi a asusu amma ba shi da na sayen omo. Wasu suka riƙa tura wa mai kanti kuɗi a dunƙule suna ɗiba a kaya kaɗan-kaɗan, mas'alar dirhamin Malik sak. Wasu garuruwan iyaka suka koma ciniki da sefa, har Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 3 ga Maris cewa a ci gaba da karɓar tsofaffin kuɗi. A lokacin allunan "Ba bashi yau, sai gobe" suna nan a rataye, ba wanda ya kula su, har masu su.

Raunin wannan kuɗi ɗaya ne, ko a Seoul ko a Gobir: yana raye ne muddin kantin yana nan. Tun daga 2019 dubban mutane daga Sabon Birni da Isa suka tsallaka zuwa yankin Gidan Runji a jihar Maraɗi suna gudun 'yan bindiga. Ƙauye in ya watse, littafin bashinsa ma ya watse, wanda ake bi yana Nijar, mai bi yana Sakkwato, rumfar kuma an ƙone ta ko an kwashe. Abin da ya rage shi ne shari'a da tsoron Allah. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi ta sauka, kuma ba a raba gado sai an biya bashin mamaci. Shi ya sa a wurin jana'izar ɗan kasuwa ake tashi a yi shela cewa duk mai bin sa ya zo ya faɗa, a sallame shi kafin magada su taɓa ko allura.

A Amurka layin a juye yake. In babban kanti ya karye, mai riƙe da katin sayayya yana bayan bankuna da masu jingina. Da kamfanin sayar da littattafai na Borders ya rushe a 2011, an bar mutane da katunan da darajarsu ta kai wajen dala miliyan 210. Wasu suka kai ƙara, a 2013 alƙali a New York ya ce sun makara, ba su sami ko sisi ba.